Rubuta Soyayyar Mutanen Da: Sana'ar da Ke Jiran 'Yan Jarida

A cikin sana'o'in alƙalami akwai wata da masu yin ta ba su da yawa a ƙasar Hausa, wato rubuta ƙagaggen labarin soyayya da aka dasa a cikin tarihi na gaskiya. Marubucin zai ɗauki wani zamani da ya shuɗe, da sarakunansa da yaƙe-yaƙensa da kasuwanninsa kamar yadda suka kasance, sa'an nan ya ƙago saurayi da budurwa ya jefa su a tsakiya, ya bar mai karatu ya ga zamanin ta idanunsu. Littattafan soyayya kam muna da su jibge, tun daga waɗanda suka cika shagunan Kano a shekarun 1990 har zuwa waɗanda ake karantawa a waya yau. Littattafan tarihi ma suna nan a jami'o'i, sai dai mai jarrabawa kaɗai ke buɗa su. Wanda zai haɗa biyun shi ne ya yi ƙaranci. Idan kuwa aka duba waɗanda suka kusanci aikin, gida da waje, sai a tarar da yawansu ta ƙofar jarida suka shigo.

Jarida da adabi tare suka tashi

A gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ƙarƙashin Hukumar Fassara ta Zariya aka samu ƙagaggun littattafan Hausa biyar na farko, biyu daga cikinsu kuwa da tarihi suka jingina. Ganɗoki na Malam Bello Kagara ya fara ne da yaƙe-yaƙen Kwantagora da zuwan Turawa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi hanyar fataucin bayi ta cikin hamada, tare da uwar da ta bi sawun ɗanta. Jiki Magayi na John Tafida da East kuwa soyayya ce da dukiya ta raba, ta rikiɗe ta zama ramuwar gayya. Mai Ruwan Bagaja, Abubakar Imam, shi ya zama editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Janairun 1939.

Imam daga labari ya tafi jarida. Na bayansa da dama daga jarida suka taho labari.  Ibrahim Sheme, mutumin Faskari, ya yi editan jaridun Leadership da Blueprint, ya kafa mujallar Fim a 1999, yana kuma cikin waɗanda suka rubuta tarihin Mamman Shata. Littafinsa 'Yartsana, wanda ya bi rayuwar yarinyar da ta faɗa bariki, shi ya zo na ɗaya a gasar tunawa da Injiniya Bashir Ƙaraye a 2007. Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, ya daɗe a Daily Trust kafin littafinsa Season of Crimson Blossoms ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016. A wanda ya fitar a 2023, When We Were Fireflies, ganin jirgin ƙasa ne ya tuna wa wani mai zane cewa an taɓa kashe shi har sau biyu a kan soyayya, daga nan labarin ya juya baya ya shiga shekarun da suka wuce.

Duk waɗannan sun raɓi sana'ar ta gefe ɗaya ko biyu. Wanda ya riƙe ta gaba ɗaya har ta zama abincinsa da sunansa, sai an leƙa Masar za a same shi.

Jurji Zaidan, uban gidan sana'ar

An haifi Jurji Zaidan a Bairut a 1861, ɗan wani mai ƙaramin gidan abinci, kuma a nan ya yi ƙuruciyarsa yana taya mahaifinsa aiki. Da ƙoƙarin kansa ya yi karatu har ya shiga sashen likitanci na kwalejin da yau ta zama Jami'ar Amurka ta Bairut, amma yajin ɗalibai na 1882 ya raba shi da makarantar. Sai ya nufi Alƙahira, ya kama aiki a jaridar Az-Zaman. A 1884 ya bi rundunar Ingila da ta hau kogin Nilu zuwa Sudan a matsayin tafinta. Bayan ya dawo ya yi aiki a mujallar Al-Muƙtaɗaf, a 1892 kuma ya kafa tasa, Al-Hilal, wadda har yau ana buga ta.

Shekara guda kafin haka, a 1891, ya fitar da ƙagaggen littafinsa na farko, Al-Mamluk ash-Sharid. Daga nan kusan kowace shekara sai ya fitar da sabo, har rasuwarsa a 1914, ya bar fiye da 20. Mafi yawansu jere suke a kan tarihin Musulunci: Fatatu Gassan, Armanusa al-Misriyya, Fathul Andalus, Al-Amin wal Ma'mun, har zuwa Shajaratud Durr. Zubinsu kusan ɗaya ne. Akwai masoya biyu da wani abu ya raba, akwai mugu mai neman budurwar, akwai asiri da ba ya tonuwa sai ƙarshe. Neman juna da masoyan ke yi shi ke zagayawa da mai karatu fadar halifa da sansanin yaƙi da kasuwa, yana ganin manyan abubuwan da suka faru suna wucewa a gabansa. Zaidan bai ɓoye manufarsa ba: tarihi yake son koyarwa, soyayyar kuwa ita ke riƙe mai karatu kada ya ajiye littafin. Halin ɗan jarida bai sake shi ba, domin har littattafan da ya ciro bayani daga gare su yakan ambata. Masu karanta mujallarsa su ne kasuwarsa ta farko, daga baya aka fassara littattafan zuwa Farisanci da Turkanci da Urdu.

Bai tsira daga suka ba. Kirista ne yana rubutu a kan tarihin Musulmi, kuma malamai irin su Shibli Nu'umani na Indiya sun yi wa littafinsa na tarihin wayewar Musulunci raddi mai zafi. A 1910 Jami'ar Masar ta ba shi darasin tarihin Musulunci, aka yi ca, ta janye. A cikin ƙagaggun ma akwai abin kamawa. Ya gina littafi guda a kan labarin soyayyar Abbasa, 'yar'uwar Haruna Rashid, da waziri Ja'afar Barmaki, alhali tun ƙarnoni kafin shi Ibn Khaldun ya ƙaryata wannan labari a Muƙaddima. Duk mai son shiga wannan sana'a ya riƙe abu biyu daga rayuwar Zaidan: yadda soyayya ke kai tarihi gidajen da littafin makaranta bai taɓa shiga ba, da kuma yadda jita-jitar da ta shiga labari mai daɗi ke da wuyar fita.

Yadda ake aikin, in a ƙasar Haɗejiya ne

A ce ɗan jarida ne mazaunin Malam Madori, ya gaji da rahoton ambaliya da rabon taki, yana son ya gwada wannan aiki. Ba ya bukatar zuwa Andalus. A ƙalla zamani uku na kwance a ƙofar gidansa.

Na farko zamanin Sarki Buhari ɗan Sambo, wanda ya hau gadon Haɗejiya a 1848, ya saɓa da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, aka tuɓe shi aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu, ya dawo ya ƙwace gari da ƙarfi, ya karya taron dangin da aka yi masa a Gamon Kaffur, ya ci gaba da mulki har ya rasu a yaƙi da Badawa a 1863. Na biyu ranar 25 ga Afrilu 1906, da Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa, aka yi yaƙi har cikin gari, ya faɗi tare da manyan mayaƙansa, ake kiransa Mai Shahada. Kabarin Kyaftin Phillips, Baturen da mutanen gari suka laƙaba wa Mai Tumbi, yana nan a Haɗejiya har yau. Na uku zuwan layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930. Jirgin bai bi ta birnin Haɗejiya ba, a Malam Madori aka yi tasha, sai garin ya zama wurin awon gyaɗa, ya tara kantunan Turawa da Kwarori, da leburori da 'yan kamasho da baƙi daga kudu da arewa.

Da zarar ya zaɓi zamani, sai aikin ƙafa. A nan ɗan jarida ya fi sauran marubuta jari, don ya saba da bin majiya. Zai tafi Kaduna, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa, inda rahotannin Razdan da na Di'o suke, masu lissafin haraji da jangali da sana'o'in kowace gunduma. Zai leƙa Gidan Ɗan Hausa a Kano, ya nemi kundayen digiri na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello. Sa'an nan ya dawo gida ya durƙusa gaban tsofaffi: makaɗan fada masu riƙe da kirarin mazan jiya, tsofaffin ma'aikatan jirgi, da uwa uba tsofaffin mata, don su ne suka san yadda ake zance da toshi da kamu da kai amarya a zamanin kakanninsu. Takardar Bature za ta faɗi yawan buhunan gyaɗa, ba za ta faɗi abin da budurwa ke ɗaurawa ran kasuwa ba. Ƙa'idar ɗakin labarai tana nan daram: abin da majiya ɗaya ta faɗa, a nemi ta biyu. Bature ya rubuta ne don ya wanke kansa a gaban na sama da shi, maroƙi kuma ya tsara kirari ne don ubangidansa, kowanne da inda ya karkata.

Bayan manyan abubuwa sai ƙanana, waɗanda su ne ke tona asirin malalacin marubuci. A zamanin Buhari da wuri ake ciniki. A 1930 anini da kwabo da sule ne a aljihun mutane, naira ba ta zo ba sai 1973. Kogin da masuntan wancan lokaci suka sani yana cika yana janyewa da lokacinsa, tun ba a gina madatsar Tiga ba, tun kacala ba ta toshe hanyoyin ruwa ba. Harshen ma sai an kula. Ƙasar Haɗejiya mahaɗa ce ta Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa da Gizimawa, har da Auyokawa waɗanda harshensu ya ɓace. Tauraron da ya buɗe baki ya yi Hausar samarin Kano ta yau ya rushe littafin tun daga shafin farko.

Sai an gama wannan duka ake ƙago masoya, kuma gwanayen sana'ar daga cikin talakawa suke ɗauko su, mutanen da tarihi bai rubuta sunansu ba. Ɗiyar masunci daga wani ƙauyen fadama, misali, da saurayin da ya bar gona ya zama malamin sikeli a tasha. Iyayenta na ganinsa ɗan bariki, shi kuwa yana ganin kuɗin gyaɗa sun ba shi bakin neman aure. Ta bakin waɗannan biyu za a iya nuna yadda jirgi ya sauya sadaki da daraja da girman dattawa, ba tare da an yi wa kowa lacca ba.

Akwai kuma abin da ɗan jarida zai kwance daga kansa. An horar da shi ya zuba muhimmin abu a sakin layi na farko, alhali mai ƙagaggen labari ɓoyewa yake yi, yana saki kaɗan-kaɗan. An hana shi faɗin abin da ke zuciyar mutum sai abin da ya furta, ga shi yanzu zuciyar ce gonarsa. An saba masa da gajartawa saboda ƙarancin shafi, yanzu kuwa sai ya iya zama da hira guda ta cika shafi biyar ba ta gundura ba. Sa'an nan soyayyar mutanen da ba ta yawan magana ce ba. Kunya ce da kawaici, da ɗan aike, da goro, da kallo ɗaya a dandali. Wanda ya ɗora wa budurwar 1906 kalaman da ake turawa a waya yau, ya yi mata ƙazafi.

Inda ƙage ke tsayawa

Mai wannan sana'a kamar mai gini ne a kan tsohon harsashi: ɗakin da zai ɗora nasa ne, amma ba shi da ikon gusar da tushe. Ranar yaƙi, da wanda ya ci, da wanda ya mutu, ba a taɓa su. Abin da masoyansa suka ji a ranar kuwa, wannan hurumin alƙalaminsa ne.

Misalin da ya fi nuna nauyin abin yana Nijar. Abdoulaye Mamani, ɗan gwagwarmayar jam'iyyar Sawaba wanda ya wakilci Damagaram, ya sha gudun hijira da ɗauri, ya fitar da littafin Sarraounia da Faransanci a 1980. Labarin Sarauniya Mangu ne ta Lugu a ƙasar Arewa, wadda ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. Abin da takardun Faransa suka faɗa a kanta kaɗan ne ƙwarai, sai Mamani ya haɗa da abin da ya ji a baka, ya cike sauran da tunaninsa. Med Hondo ya mayar da littafin fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1987. Yau Sarauniyar da yawancin mutane suka sani ita ce ta Mamani, har da abin da ya ƙaga. Alƙalami guda ya ɗaga mace daga ƙauye ya mai da ita gwarzuwar ƙasa. Irin wannan ƙarfi, in ya faɗa hannun maras amana, zai iya shafa wa bawan Allah baƙin da jikokinsa ba za su iya wankewa ba.

A ƙasar Haɗejiya wannan ba zancen nesa ba ne. Zuriyar Buhari da ta Mai Shahada suna raye, haka zuriyar waɗanda suka yaƙa. A Haɗejiya Buhari namijin duniya ne, a garuruwan gabashin Kano da ya kai wa hari kuwa wani labarin ake bayarwa. Marubucin kirki zai bar kowane ɓangare ya yi magana ta bakin taurarinsa. Ba zai ƙaga wa sarki na gaskiya farka ba, ba zai sa wa malami na gaskiya maganar da ta saɓa wa abin da aka san shi da shi ba. Ya kuma tuna cewa a Kano akwai Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i tun 2001, kuma a 2007 an taɓa ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya. Littafin da aka yi wa bincike na gaskiya ya fi iya kare kansa a irin wannan rana.

Abincin sana'ar

Maganar kuɗi kuwa, gaskiya ɗaya ce: wannan aiki ba ya ciyar da mai shi da wuri. Marubutan da aka yi wa laƙabi da 'yan adabin kasuwar Kano, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Ahmed Funtuwa, da kuɗinsu suke kai littafi maɗaba'a, su raba shi kashi na ɗaya da na biyu, su ba 'yan kasuwa, su jira ciniki. Tsadar takarda da zuwan waya sun durƙusar da wannan kasuwa. Yanzu labari ya koma Wattpad da zaurukan WhatsApp inda ake biya kafin a karanta, da tashoshin YouTube masu karanta littafi da murya, da filayen karatun littattafai a gidajen rediyo. Wannan kasuwa sauri take so, kullum sai an saki sabon shafi. Littafin tarihi kuwa bincikensa kaɗai na iya cin shekara, ga kuɗin mota zuwa Kaduna, ga goron tsofaffi.

Shi ya sa sana'ar ta dace da mai albashi a wani wuri, shi ya sa kuma ɗan jarida ke da rata. Yana da abin da sauran marubuta ke nema ruwa a jallo, wato inda zai sa a ji shi. Zaidan da mujallarsa ya yi tallar littattafansa. Ma'aikacin rediyo a Dutse ko Haɗejiya yana iya karanta nasa babi-babi a iska, masu saurare su bugo waya su gyara masa sunan gari ko na dangi tun kafin a kai maɗaba'a. In labarin ya karɓu, masu shirya finafinai na Kano za su zo da kansu, domin ƙorafin da aka yi a Arewa kan fim ɗin Amina na 2021 ya nuna mutane na son ganin tarihinsu, kuma ba sa yafe wa wanda ya yi masa riƙon sakainar kashi.

Kira ga ma'abota alƙalami

Takardun Kaduna za su jira, tsofaffi ne ba za su jira ba. Waɗanda suka ji labarin 1906 daga bakin waɗanda suka gani sun kusa ƙarewa, waɗanda suka yi dako a tashar Malam Madori lokacin da gyaɗa ke tashe su ma ƙidaya ake yi. Ƙasar da ta haifi marubucin waƙoƙi Mu'azu Haɗejiya ba ta rasa masu fasaha ba. Don haka 'yan jaridar Jigawa, maza da mata, da ɗaliban Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa, ku ɗauki rakoda ku shiga gidajen kakanninku tun bana. Ku tantance abin da kuka ji kamar yadda kuke tantance rahoto, ku ƙago masoyanku yadda kuka ga dama, amma ku bar tarihi yadda kuka same shi.